Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Yadda Ake Janyo Bayanai Daga Uwar Garke A Adana Su A Gida

Duk wanda ke zaune a Jidda ranar Laraba 25 ga watan Nuwamba, 2009, wato 8 ga Zulhajji, 1430, ba ya buƙatar a ba shi labarin ɓarnar ruwa. A ranar da alhazai ke haramar fita Mina, ruwan sama ya sauka na 'yan sa'o'i, kwaruruka suka cika suka kwararo cikin unguwannin gabashin birni irin su Ƙuwaiza, inda aka rasa rayukan mutum fiye da 100, motoci kuma suka hau kan juna a babban titin Haramaini. Jami'ar Sarki Abdul'aziz na cikin wuraren da suka ji jiki, domin ruwa ya shiga ɗakunan gwaje-gwaje da ofisoshinta, ya lalata na'urori da ayyukan bincike. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga wata ambaliyar a watan Janairun 2011, sannan a ranar 24 ga Nuwamba, 2022 aka auna ruwa mai yawan milimita 179 cikin sa'o'i shida a kudancin birnin.

Bayan irin wannan musiba akan ƙirga rayuka da gidaje da motoci. Akwai wata asarar kuma da ba ta shiga lissafi, ita ce ta takardu da bayanai: littafin bashi na mai shago, rasit ɗin kaya, takardar haihuwar yaro, hotunan iyaye da kakanni, da kwamfutar ofis da ke ajiye a ƙasan tebur. Hakazalika rushe-rushen tsofaffin unguwanni da aka fara a ƙarshen 2021, wanda ya shafi wurare kamar Gulail da Karantina da Sabil da Kandara, inda Hausawa da dama suka yi shekara da shekaru, ya sa iyalai sun kwashe kaya cikin gaggawa. Wanda ya taɓa tashi daga gida a gurguje ya san cewa takarda ce kan fara ɓata.

Wannan ya sa da yawa daga cikin masu ofisoshin kago da na tafiye-tafiye da masu shaguna suka mayar da bayanansu kan intanet. Abu ne mai kyau. To amma tambayar da za mu duba a yau ita ce: in aka wayi gari wancan wurin da ka ajiye su ya samu matsala, kana da wani kwafi a hannunka?

Mece ce uwar garke?

Idan ka ji an ce bayani yana kan intanet, to a haƙiƙa yana cikin wata kwamfuta ce da ke girke a wani gini, tana kunne dare da rana, tana amsa buƙatun sauran kwamfutoci. Ita ce masana ke kira uwar garke. Gidan yanar sadarwar kamfaninka a kanta yake, haka manhajar lissafin kuɗin da kake shiga da kalmar sirri, haka saƙonninka na imel. Tana iya kasancewa a Jamus ko Amurka, tana kuma iya kasancewa nan kusa, domin tun a watan Fabrairun 2020 kamfanin Oracle ya buɗe cibiyar adana bayanai a Jidda. Ko ina take dai, inji ce kamar kowane inji, kuma a hannun wasu take. Hausawa kuwa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Misalai suna nan birjik. A ranar 10 ga Maris, 2021 gobara ta tashi a cibiyar kamfanin OVH da ke birnin Sitirasbog na Faransa, ta cinye gini guda ƙurmus, miliyoyin gidajen yanar sadarwa suka ɗauke. Wasu abokan cinikin sun biya kuɗin ajiyar kwafi, amma daga baya suka gano cewa kwafin nasu a harabar guda yake da na asali, wuta ta haɗa duka. A ranar 26 ga Satumba, 2025 kuma gobara ta kama cibiyar bayanan gwamnatin Koriya ta Kudu da ke Dejon, inda aka rasa ma'adanar da ma'aikatan gwamnati ke zuba ayyukansu, mai ɗauke da terabayit 858, saboda ba a tanadar mata kwafi a wani wuri ba.

Ba wuta da ruwa kaɗai ba ne. A ranar 15 ga Agusta, 2012, cikin goman ƙarshe na watan azumi, ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Shamoon ta goge bayanan kwamfutoci kusan 30,000 na kamfanin Aramco, ta sake dawowa a watan Nuwamban 2016 ta afka wa wasu hukumomin Saudiyya. Wani lokacin ma bayanan suna nan lafiya, hanyar isa gare su ce ke tsinkewa. Jidda mashiga ce ta manyan wayoyin intanet da ke shimfiɗe a ƙarƙashin Bahar Maliya, kuma a ranar 6 ga Satumba, 2025 wasu daga cikinsu sun yanke a kusa da birnin, abin da ya jawo tafiyar hawainiya a Indiya da Pakistan da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Aikin madubi

Hanya mafi sauƙin fahimta ita ce wadda ake kira yin madubi. Ma'anarta ita ce ka sa wata manhaja ta riƙa duba wata folda da ke kan uwar garke, tana mayar da wata folda da ke kwamfutarka daidai da ita, fayil da fayil. In an ƙara sabon abu a can, sai ta janyo shi. In an gyara wani, sai ta gyara naka.

Manhajar da ta fi shahara a wannan aiki ita ce rsync, wadda Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar a Ostireliya a 1996, kuma kyauta ce. Hikimarta ita ce ba ta sake ɗauko abin da ta riga ta ɗauko. Da farko takan duba girman kowane fayil da lokacin da aka taɓa shi na ƙarshe. In sun yi daidai a ɓangarorin biyu, sai ta wuce. In kuwa sun saɓa, sai ta yanka fayil ɗin gunduwa-gunduwa a lissafe, ta fitar wa kowace gunduwa wata lamba ta musamman, ta gwada lambobin nan da na can, sannan ta turo gunduwoyin da suka canja kawai. Kamar dai malamin da ke gyara littafin da ya kwafa da hannu ne: ba zai sake rubuta littafin duka ba saboda an sauya layi biyu a shafi na arba'in.

Amfanin wannan a fili yake idan muka yi lissafi. A ce kana da gigabayit 100 a kan uwar garke, layin intanet ɗinka kuma yana jan megabit 100 a daƙiƙa. Janyowar farko za ta ci sa'a biyu da 'yan mintoci. In layin na megabit 20 ne, sai ta ci kimanin sa'a 11. Amma daga ranar, in abin da ke canjawa a wuni bai wuce rasitai da 'yan hotuna ba, aikin kowane dare ba zai wuce mintoci kaɗan ba.

Akwai wasu manhajojin da ke yin irin wannan aiki. Masu amfani da Windows suna da Robocopy a cikin babbar manhajar tasu, akwai kuma WinSCP da FreeFileSync ga wanda ya fi son ya ga abin da yake latsawa. Ita kuwa rclone an yi ta ne domin ma'adanai irin su Google Drive da OneDrive da Dropbox. Ƙananan akwatunan ajiya na ofis, irin na kamfanin Synology, su ma suna zuwa da nasu tsarin janyo bayanai a kan lokaci.

Ka janyo, kada a turo maka

Wani abu da masana ke jan kunne a kansa shi ne ɓangaren da ke fara magana. Ana iya saita uwar garke ta riƙa turo bayanai zuwa ma'adanarka, ana kuma iya saita kwamfutarka ta riƙa zuwa tana janyowa. Na biyun ya fi aminci. Dalili kuwa shi ne, in uwar garke ce ke turowa, dole ta riƙe mabuɗin ma'adanarka, don haka ɓarawon da ya fasa ta ya samu mabuɗin gida biyu, zai iya goge na can ya goge na nan. In kuwa kai ne ke janyowa, mabuɗin yana hannunka, uwar garke ba ta san hanyar gidanka ba.

Sannan a buɗe wa aikin wani asusu na daban a kan uwar garke, wanda aka ba shi izinin karatu kawai, ban da gogewa ko gyara. A yi amfani da hanyar SSH, wadda ke layance bayanai a kan hanya ta yadda mai saurare a tsakani ba zai fahimci komai ba, a guji tsohuwar hanyar FTP wadda ke aika kalmar sirri a fili. Bayan haka sai a sa wa kwamfutar lokaci, misali ƙarfe biyu na dare lokacin da ofis ke rufe, ta riƙa yin aikin da kanta. Aikin da aka bar wa tunanin mutum, ranar da kasuwa ta yi zafi za a manta da shi, musamman a lokacin Hajji da Umarar azumi, alhali a lokacin ne bayanai suka fi yawa.

A kula kuma da rumbun bayanai, wato inda manhajar lissafi ko gidan yanar sadarwa ke tara sunayen abokan ciniki da alƙaluman kuɗi. Shi ba a kwafarsa yana cikin aiki, domin ana iya ɗauko shi rabi tsoho rabi sabo, ya ƙi buɗuwa. Sai an sa uwar garke ta fara fitar da shi cikin fayil guda cikakke, sannan a janyo wannan fayil ɗin.

Inda madubi ke cutar da mai shi

A nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami. Madubi ba ya tambaya, abin da ya gani shi yake nunawa. In ma'aikaci ya goge foldar rasitan bara bisa kuskure da yamma, ƙarfe biyu na dare manhaja za ta ga babu ita a can, sai ta goge ta a nan, muddin an ba ta umarnin daidaitawa sak, wato --delete a rsync ko /MIR a Robocopy. Haka nan in ƙwayar cutar da ke garkuwa da bayanai ta kulle fayilolin uwar garke, manhaja za ta ɗauka gyara aka yi, ta janyo kullallun ta ɗora a kan masu lafiya. Da safe ka tashi da kwafi biyu, duka marasa amfani.

Akwai kuma kuskuren juya akala. A wajen rubuta umarni ana fara ambaton inda za a ɗauko, sannan inda za a zuba. Wanda ya juya su, ya sa foldarsa da babu komai a ciki a matsayin tushe, to ya umarci manhaja ta mayar da uwar garke fanko. Shi ya sa rsync ke da umarnin gwaji, --dry-run, wanda ke lissafo abin da za ta yi ba tare da ta taɓa komai ba. Duk wanda zai fara wannan aiki, ya fara da shi, ya karanta jerin a tsanake.

Kada mai karatu ya ɗauka 'yan koyo ne kawai ke irin wannan kuskure. A ranar 31 ga Janairu, 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab yana ƙoƙarin gyara madubin rumbun bayanansu, sai ya goge na asali yana zaton na biyun ne. Da suka juya ga hanyoyin ajiyar da suka tanada, sai suka tarar yawancinsu ba sa aiki, ba tare da kowa ya lura ba. Wani kwafi da aka ɗauka sa'o'i shida kafin nan ne ya cece su, kuma abin da aka yi cikin waɗannan sa'o'i ya tafi ke nan.

Maganin wannan shi ne ajiya mai tarihi. Maimakon kwafi guda da ake sabuntawa kullum, sai manhaja ta riƙa ajiye hoton yadda bayanan suke a kowace rana: na jiya daban, na shekaranjiya daban, na makon jiya, na watan jiya. Manhajoji irin su rsnapshot da BorgBackup da restic suna yin haka ba tare da cinye wuri ba, domin abin da bai canja ba sau ɗaya suke adana shi. Tsari mai kyau ga ƙaramin ofis shi ne a riƙe na kwana bakwai, da na mako huɗu, da na wata goma sha biyu. Da haka, ko bayan wata uku aka gano an goge wani rasit, ana iya komawa baya a ɗauko shi.

Uku, biyu, ɗaya

Wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, shi ya yayata ƙa'idar da ake kira 3-2-1, wadda har yau ake aiki da ita. Ka mallaki kwafi 3 na duk abin da ba ka son rasawa, a kan na'urori iri 2, sannan 1 daga ciki ya kasance a wani wuri mai nisa. Ga mai ofis a Bab Makka ko Bab Sharif, misali, na farko shi ne na kan uwar garke, na biyu shi ne wanda ake janyowa kowane dare zuwa akwatin ajiya a ofis, na uku kuma faifan ajiya na tafi-da-gidanka da ake haɗawa sau ɗaya a mako, a cire shi, a kai gida ko wajen ɗan uwa a Makka ko Madina. Wannan na ukun yana da wata daraja ta daban: abin da ba ya jone da waya, ɓarawon intanet ba ya isa gare shi.

Yanayin Jidda ma sai an yi la'akari da shi. Kada a ajiye akwatin a ƙasa ko a ɗakin ƙarƙashin gini, darasin 2009 ya isa. Zafi da laimar teku suna rage wa na'ura kwana, don haka a sa shi inda sanyin na'urar sanyaya ɗaki ke kaiwa, a haɗa shi da batirin ko-ta-kwana saboda ɗaukewar wuta. Faifan da za a fita da shi kuwa lallai a layance shi da kalmar sirri, don in ya faɗi a tasi kada ya zama tonon asiri. A rubuta kalmar a takarda a ba wani amintacce a cikin iyali, domin ajiyar da mai ita kaɗai ya san mabuɗinta, ranar da ba ya nan ta zama ba ta kowa ba.

Abin da doka ta ce

Ga 'yan kasuwa a Saudiyya, maganar ta wuce ta ganin dama. Tun ranar 4 ga Disamba, 2021 hukumar zakka da haraji da kwastan, wato ZATCA, ta wajabta wa masu rajistar harajin kayan masarufi fitar da rasit ta na'ura a ƙarƙashin tsarin Fatura, kuma doka ta ce a adana takardun wannan haraji na aƙalla shekara shida. In jami'ai suka nemi rasitan shekara uku da suka wuce, cewa kamfanin da ke riƙe maka uwar garke ya rufe ba zai zama uzuri ba.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai dokar kare bayanan mutane, wadda ta fara aiki a watan Satumban 2023, aka fara tilasta ta sosai a Satumban 2024, a ƙarƙashin kulawar hukumar SDAIA. Dokar ta sa sharuɗɗa a kan fitar da bayanan mutane zuwa wajen ƙasa. Don haka mai ofishin da ke riƙe da hotunan fasfo da iƙama da lambobin wayar jama'a, kafin ya ce zai ajiye kwafi na uku a wajen ɗan uwansa a Kano ko Maraɗi, ya nemi shawarar wanda ya san dokar. Bayanan mutane amana ce, kuma duk kwafin da aka ƙara, an ƙara wurin da za a iya sace su.

Wanda ba shi da ofis fa?

Magidanci ko uwargida da duk ajiyarsu ke cikin wayar salula, su ma abin ya shafe su. Google na ba da gigabayit 15 kyauta, kuma in ya cika, hotuna kan daina hawa ba tare da mutum ya ankara ba. Abin da aka goge a Google Drive kwana 30 yake yi a kwandon shara ya tafi gaba ɗaya. Tun daga watan Disamban 2023 kuma kamfanin ya ba kansa damar share asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba, abin da ya kamata iyalan mamaci su sani tun da wuri. Akwai hanyar Google Takeout da mutum zai sauke duk abin da ke asusunsa ya zuba a faifai.

Ga zuriyar da kakanninta suka taso daga Kano ko Sakkwato ko Damagaram, suka ratsa Chadi da Sudan a ƙasa, suka tsallako teku daga Sawakin, wata tsohuwar takarda ko hoto guda na iya zama kaɗai shaidar asalin gida. Irin waɗannan a ɗauki hotonsu da kyau, a sa musu suna da shekara, a raba kwafi ga 'yan uwa biyu ko uku. Malamanmu na da ma haka suka yi da littattafai: almajiri ya kwafa da hannu ya tafi da shi garinsu, shi ya sa in gara ta ci na wani gari, akan samu na wani.

A gwada kafin ranar buƙata

Abu na ƙarshe, kuma mafi muhimmanci, shi ne gwaji. Ganin manhaja ta rubuta cewa ta gama aiki bai isa ba. Sau ɗaya a wata, a zaɓi fayil uku ko huɗu daga ajiya, a dawo da su a wata kwamfuta, a buɗe a gani da ido. Sau ɗaya a shekara, kafin shigowar lokacin ruwa a watan Nuwamba, a gwada dawo da komai kamar uwar garke ta mutu, a ga awa nawa abin zai ci. A kuma saita manhaja ta riƙa aiko da saƙo kowace safiya, a ɗora wa mutum ɗaya alhakin dubawa, domin ranar da saƙon bai zo ba, ranar ce ya kamata a bincika.

Faifan ajiya mai ɗaukar terabayit biyu bai kai kuɗin hayar shago na wata guda ba, manhajojin da muka ambata kuma yawancinsu kyauta ne. Abin da ake buƙata shi ne yammaci guda da za a zauna da yaron da ya san kwamfuta a cikin gida ko ofis, a lissafa abin da ba a son rasawa, a saita janyowar farko a daren nan.